Darasi na 7: Yadda Ake Siffanta Amonayit da Ba Shi Suna

Manufofin darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. faɗin abin da ake nufi da burbushin halitta, da yadda ɓawo ke komawa dutse;
2. nuna sassan ɓawon amonayit da sunayensu;
3. auna ɓawo da rula ku fitar da lissafinsa;
4. bin matakan rabe-raben dabbobi har ku iso kan nau'in *Vascoceras cauvini*;
5. bayyana dalilin da ya sa sunan da masana suka raɗa wa nau'i kan canja.

1. Teku a Gombe da Damargu

Kusa da Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, akwai wurin da ake fasa dutsen da ake yin simintin Ashaka da shi. A cikin wannan dutse akan ci karo da wasu duwatsu masu siffa ta daban. Kewayayyu ne, a naɗe kamar ƙahon rago, wasu girman dunƙulen hannu, wasu sun fi haka. Irinsu ake tsinta a Damargu, yankin Tanut da ke arewa da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Waɗannan duwatsu ragowar wata dabbar teku ce da ake kira amonayit.

To, me ya kawo dabbar teku Gombe? Masana ilimin duwatsu sun gano cewa kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce, a zamanin da suke kira Kiritashiyos, ruwan teku ya ƙaru sosai har ya malalo kan ƙasashe da yawa. Wani teku marar zurfi ya taho daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yanzu, ya bi ta Nijar, ya gangaro ta kwarin Gongola da na Binuwai. Laka da ɓawon halittun da suka taru a ƙasan wannan ruwa su ne suka daskare suka zama dutsen da ake fasawa a Ashaka.

Ga yadda abin yake faruwa. Dabbar takan mutu, ɓawonta ya nutse. Naman ya ruɓe, laka ta shiga cikin ɓawon ta cika shi, wata lakar kuma ta binne shi. Shekaru suna tafiya, nauyin abin da ke sama yana danne na ƙasa, har lakar ta taurare. Sau da yawa ɓawon kansa yakan narke ya ɓace. Abin da ya rage shi ne lakar da ta cika cikinsa, wadda ta ɗauki siffarsa tsaf.

*Aikin gwaji:* ku samo katantanwa, ku dama siminti kaɗan da ruwa ku ɗura a ciki. Bayan ya bushe sarai, ku fasa katantanwar a hankali. Abin da ya fito a hannunku shi ne cikon ɓawo.

> Akwatin kalmomi
> Burbushin halitta: ragowar dabba ko tsiro na zamanin da, ko sawunsa, wanda ya wanzu a cikin dutse.
> Cikon ɓawo: lakar da ta cika cikin ɓawo ta zama dutse, ta riƙe siffarsa bayan shi ɓawon ya narke.
> Shimfiɗar dutse: rukunin laka ko yashi da ya kwanta a lokaci ɗaya ya taurare. Idan ba wani abu ya birkita su ba, shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama.

2. Wace irin dabba ce amonayit?

Dangin nesa ne na dodon koɗi, domin dukansu masu taushin jiki ne marasa ƙashin baya. Amma amonayit yana cikin ƙungiyar da ake kira sefalofod, wato dabbobin teku masu hannuwa da yawa a kewayen baki. Daga cikinsu akwai oktofus mai hannuwa takwas, da sikwid, da kuma notilus, wanda har yau yana raye a tekun Indiya da na Fasifik ɗauke da ɓawo a naɗe. Dangin amonayit sun bayyana kimanin shekaru miliyan 400 da suka wuce, suka ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce. Nama ba ya daɗewa a ƙasa, saboda haka kusan duk abin da aka sani game da su daga ɓawo aka samo shi.

Ɓawon dodon koɗi yana murɗewa ne ya yi tsini sama, cikinsa kuma rami ɗaya ne. Na amonayit irin na Ashaka yana naɗewa a kwance, kowane naɗi yana rungume da na cikinsa, kuma cikinsa a rarrabe yake ɗaki-ɗaki. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, wanda ya fi kowanne girma. In ta ƙara girma sai ta ƙara ɓawo a baki, ta matsa gaba, ta gina bango a bayanta. Da haka ɗakuna suke ƙaruwa.

Akwai wani siririn bututu da ya ratsa dukan ɗakunan. Ta cikinsa dabbar take janye ruwan da ke cikin sabon ɗaki, iska ta maye gurbinsa. Wannan ne ya sa ɓawo mai nauyi ba ya nutsar da ita. Ku jarraba da kwalbar roba mai murfi a cikin bokitin ruwa: idan babu komai a ciki sai ta yi ta yawo a sama, idan an cika ta da yashi da ruwa sai ta nutse, amma in kuka yi ta ragewa kuna ƙarawa za ku sami gwargwadon da za ta tsaya tsakatsaki. A jikin notilus bututun nan ta tsakiyar bango yake bi. A jikin yawancin amonayit kuwa, can gefen waje yake maƙale.

Yanzu ku dubi cikon ɓawo da kyau, in da hali ku ɗan shafa masa ruwa. Za ku ga wasu siraran layuka masu lanƙwashe-lanƙwashe suna ratsa shi daga gefe zuwa gefe, ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi yana nuna inda bangon ɗaki ya haɗu da ɓawon waje. Lokacin da dabbar take raye ba a ganinsa, sai da ɓawon ya narke ya fito fili. Ana kiransa layin ɗinki, kuma a ganina babu abin da ya kai shi ban sha'awa a jikin amonayit. A notilus layin kusan miƙaƙƙe ne. A tsofaffin dangin amonayit yana hawa yana sauka ba tare da ado ba. A wasu na tsakiya, gangaren layin yana da ƙananan haƙora. A na baya-bayan nan kuma, hawa da gangare duk sun tsattsage sun yi rassa. Masana sukan kwafe wannan layi a takarda, lanƙwasa bayan lanƙwasa, domin 'yan dangi ɗaya sukan yi tarayya a tsarinsa ko da siffar ɓawonsu ta bambanta.

> Akwatin kalmomi
> Naɗi: zagaye ɗaya cikakke na ɓawo.
> Cibiya: ramin da ke tsakiyar ɓawo, inda ake hango naɗe-naɗen ciki.
> Gadon baya: gefen waje na naɗi, wanda ya kewaye ɓawon.
> Haƙarƙari: tudu-tudun da ke ratsa naɗi.
> Ƙuraje: ƙananan kumburi a jikin ɓawo.
> Layin ɗinki: layin da ke nuna mahaɗar bangon ɗaki da ɓawon waje.

3. Siffantawa: ido da rula

Siffantawa ita ce rubuta kamannin abu dalla-dalla, yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai gane shi idan ya gamu da shi. Faɗin "babba ne" ko "yana da kauri" bai wadatar ba, tun da abin da wani ya kira babba wani ƙarami zai ce. Shi ya sa ake awo. Abubuwa huɗu ake aunawa da milimita: faɗin ɓawon gaba ɗaya, faɗin cibiya, tsayin naɗin ƙarshe daga bakin cibiya zuwa gadon baya, da kaurin wannan naɗi daga gefe zuwa gefe.

*Misali na 1.* A ce Malam ya kawo amonayit biyu aji. Na farko faɗinsa milimita 80, cibiyarsa milimita 20. Na biyu faɗinsa milimita 120, cibiyarsa milimita 30. Wanne ya fi faɗin cibiya? Wani zai yi saurin cewa na biyu. Mu lissafa: a raba cibiya da faɗin ɓawo, a ninka da 100.

Na farko: 20 ÷ 80 × 100 = kashi 25 cikin ɗari.
Na biyu: 30 ÷ 120 × 100 = kashi 25 cikin ɗari.

Ashe ƙirarsu ɗaya ce, na biyun ya fi girma ne kawai. Mai yiwuwa ya fi daɗewa a raye.

*Misali na 2.* A ce tsayin naɗin na farko milimita 35 ne, kaurinsa milimita 28. A raba kauri da tsayi: 28 ÷ 35 = 0.8. Duk amsar da ta gaza 1 tana nuna naɗin a matse yake. Wadda ta haura 1 tana nuna a kumbure yake.

Bayan awo sai a dubi sauran kamanni. Ga yadda masana suke siffanta *Vascoceras cauvini*, nau'in da ake samu a Damargu da Ashaka. Gadon bayansa a kewaye yake, ba shi da kaifi. Galibi babu ƙuraje a bakin cibiyarsa. Yawancin jikinsa sumul yake, sai ya manyanta ne haƙarƙari masu kauri suke fitowa a ƙarshen ɓawon suna ratsa gadon baya. Layin ɗinkinsa gajere ne mai sauƙi idan aka gwada shi da na sauran amonayit na zamaninsa. Ku lura da maganar manyanta. Ƙaramin *cauvini* da babbansa ba su cika kama da juna ba, kuma wanda ya tsinci ƙaramin kaɗai zai iya zaton wani nau'i ne daban.

4. Rabe-rabe: daga babban rukuni zuwa ƙarami

Masana suna jera kowace dabba a matakai bakwai. Matakin farko ya haɗa dabbobi duka, kowane mataki na gaba kuma yana tankaɗe wasu, har a iso kan nau'i ɗaya.

*Misali na 3.* Mu jera tunkiya da amonayit ɗinmu gefe da gefe.

| Mataki | Tunkiya | Amonayit ɗin Damargu |
|---|---|---|
| Masarauta | Animalia | Animalia |
| Reshe | Chordata | Mollusca |
| Aji | Mammalia | Cephalopoda |
| Sahu | Artiodactyla | Ammonitida |
| Dangi | Bovidae | Vascoceratidae |
| Jinsi | *Ovis* | *Vascoceras* |
| Nau'i | *Ovis aries* | *Vascoceras cauvini* |

Tunkiya da amonayit sun haɗu a matakin farko kaɗai, daga nan kowa ya kama gabansa. Akuya kuwa tana tare da tunkiya har zuwa dangi, sai a jinsi suka rabu, sunanta *Capra hircus*. Gwargwadon nisan da dabbobi biyu suka yi tare a wannan jeri, gwargwadon kusancinsu ke nan. Ba a bukatar ku haddace sunayen Latin ɗin nan. Abin da ake so ku riƙe shi ne tsarin matakan.

5. Suna da ƙa'idojinsa

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa tsarin suna mai kalma biyu, kuma daga littafinsa na 1758 ake fara lissafin sunayen dabbobi. Kalmar farko sunan jinsi ce, tana farawa da babban baƙi. Ta biyu ta nau'i ce, da ƙaramin baƙi. Bayansu akan rubuta sunan wanda ya fara siffanta nau'in da shekarar da ya buga bayaninsa. Wanda zai raɗa sabon suna a yau wajibi ne ya buga siffantawarsa, ya kuma ware samfurin da sunan zai rataya a kansa. Akan ajiye wannan samfuri a gidan adana kayan tarihi ko jami'a, domin duk mai shakka ya je ya gani da idonsa.

Ga tarihin sunan amonayit ɗinmu. A 1898 Paul Choffat ya kafa jinsin *Vascoceras* daga burbushin da aka samu a ƙasar Fotugal. A 1909 wani Bafaranshe masanin duwatsu, René Chudeau, ya siffanta amonayit na Damargu, ya ga ɗaya daga cikinsu ya dace da wannan jinsi amma nau'insa sabo ne. Cikakken sunan ya zama *Vascoceras cauvini* Chudeau, 1909. A 1935 Raymond Furon ya ga cewa bambancin da ke tsakaninsa da na Fotugal ya isa a ware masa rukuni, ya kira rukunin *Paravascoceras*. Duk wanda ya ɗauki wannan a matsayin jinsi mai zaman kansa zai rubuta *Paravascoceras cauvini* (Chudeau, 1909). Bakan da ke kewaye da sunan Chudeau alama ce cewa an ɗauke nau'in daga jinsin da aka fara sa shi. Daga baya masana da dama sun ga bambancin bai taka kara ya karya ba, suka mayar da shi *Vascoceras*. Shi ya sa za ku ga sunayen biyu a littattafai, alhali dabba ɗaya ake nufi.

*Misali na 4.* Akwai wani amonayit da Henry Woods ya siffanta a 1911 daga arewa maso gabashin Najeriya, ya kira shi *Vascoceras gongilense*. A 1954 Richard Reyment ya ware masa sabon jinsi mai suna *Gombeoceras*. Da aka ƙara bincike sai aka ga wannan jinsi ɗaya ne da *Thomasites*, wanda Léon Pervinquière ya kafa a 1907 daga burbushin ƙasar Tunisiya. Wane suna za a riƙe? Ƙa'ida ta ce wanda ya riga shi ake bi. Shekarar 1907 ta riga 1954, saboda haka a yau ana rubuta *Thomasites gongilensis* (Woods, 1911). Mutumin Gombe zai so a ce sunan garinsu ne ya tsaya, amma ba don wannan ƙa'ida ba da kowace ƙasa ta riƙe nata sunan, masana su kasa fahimtar juna.

> Akwatin kalmomi
> Nau'i: rukuni mafi ƙanƙanta a matakai bakwai na rabe-raben halittu.
> Samfurin asali: burbushin da aka ware aka ajiye domin sunan nau'i ya rataya a kansa.
> Ƙa'idar rigaye: idan suna biyu suka faɗa kan abu ɗaya, wanda aka fara bugawa shi ne halastacce.

6. Nau'i ɗaya ne ko biyu?

Nan ne aikin ya fi wuya. Ku tuna tumakin da kuke gani a kasuwar dabbobi. Balami fari ne dogo mai manyan kunnuwa. Uda rabin jikinsa na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari. 'Yankasa ya fi su ƙanƙanta. Duk da haka dukansu *Ovis aries* ne, domin suna barbarar juna su haihu, 'ya'yan su ma su haihu. Wannan gwaji ba ya yiwuwa da dabbar da ta zama dutse. Mai nazarin amonayit ba shi da abin dogaro sai siffa, ga shi kuwa dangin *Vascoceras* sun shahara da yawan bambancin siffa. A shimfiɗa ɗaya za a iya samun matsattse, da kumburarre, da mai haƙarƙari, da sumul. Ban da haka, a dangogin amonayit da yawa an gano cewa nau'i ɗaya yana da manya da ƙanana, ana kyautata zaton manyan mata ne ƙananan maza.

Masu binciken farko samfura kaɗan suke samu, wani lokacin ma ba a rubuta shimfiɗar da aka ciro su ba. Duk siffar da ta fita daban sai ta sami suna. Da masana irin su Christian Meister a 1989 da Peter Zaborski a 1996 suka buga nazarinsu kan amonayit na Ashaka da kewaye, tarin da aka yi shimfiɗa bayan shimfiɗa suka yi aiki da shi. Idan aka jera samfura masu yawa daga shimfiɗa ɗaya, daga mafi matsewa zuwa mafi kumburi, aka ga babu giɓi a tsakani, to hujjar raba su nau'i-nau'i ta yi rauni. Idan kuwa suka kasu gida biyu babu na tsakiya, akwai dalilin zaton nau'i biyu ne. Wannan hanya ta fi cin lokaci da wahala, amma ita nake so ku riƙe: a tara da yawa, a auna, a jera, sannan a yi maganar suna.

7. Amfanin wannan aiki

Nau'o'in amonayit ba sa daɗewa kafin wasu su maye gurbinsu, kuma teku yakan baza su nesa. Saboda haka suna aiki a matsayin ma'aunin zamani. Ana samun *Vascoceras cauvini* a Masar, da Damargu, da Gombe, a duwatsun ƙarshen zangon da ake kira Senomaniyan. Wannan ya nuna shimfiɗun wuraren uku sa'o'in juna ne, kuma ruwan da ya rufe su a haɗe yake. Idan aka ba burbushin sunan da ba nasa ba, lissafin shekarun dutsen ma zai karkace.

Idan kun tsinci amonayit, ku rubuta wurin da ranar a takarda ku haɗa da shi, in kuma a jikin dutse yake ku lura da shimfiɗar da ya fito. Burbushin da ba a san inda aka samo shi ba ya yi asarar yawancin amfaninsa. Sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ke kusa da ku zai iya taimaka muku gane shi. Kada ku shiga wurin fasa dutse ba da izini ba, akwai haɗari.

Tambayoyin bita

1. Mene ne cikon ɓawo? Ku bayyana yadda yake samuwa.
2. Ku kawo bambanci biyu tsakanin ɓawon dodon koɗi da na amonayit.
3. Mene ne aikin bututun da ya ratsa ɗakunan ɓawo?
4. Me ya sa ba a ganin layin ɗinki sai ɓawon waje ya narke?
5. Wani amonayit faɗinsa milimita 90, cibiyarsa milimita 18. Kashi nawa cikin ɗari cibiyar ta ci?
6. Tsayin wani naɗi milimita 40 ne, kaurinsa milimita 52. A matse yake ko a kumbure? Ku nuna lissafinku.
7. Ku faɗi kamanni uku na *Vascoceras cauvini*.
8. A wane mataki tunkiya da akuya suka rabu? A wane mataki tunkiya da amonayit suka rabu?
9. Me bakan da ke cikin *Thomasites gongilensis* (Woods, 1911) yake nunawa? Me ya sa aka bar sunan *Gombeoceras*?
10. Ku tattauna a ƙungiya: wani ya tsinci amonayit guda ɗaya mai siffar da bai taɓa gani ba, yana son ya raɗa masa sabon suna. Wace shawara za ku ba shi, kuma don me?